Wasiƙa daga Barsalona: Garin da Ke Neman Shawarar Baƙo

Zuwa ga Kawu Mai Unguwa,

Labarin taron da kuka yi ya iso mini, kan ko rijiyar burtsatse za a fara haƙawa ko magudanar ruwa za a gyara, da yadda aka watse kowa na guna-guni. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wata ɗabi'ar mutanen garin nan da ta daɗe tana burge ni.

Kawu, a nan hukumar gari tana neman shawarar jama'a kafin ta kashe wani kaso na kuɗinsu. A shekarar 2016, zamanin magajiyar gari Ada Colau, aka buɗe wata manhaja mai suna Decidim. Mutum zai shiga ta wayarsa ya rubuta abin da yake so a yi a unguwarsu, maƙwabta su karanta, wanda ya yarda ya mara masa baya, wanda bai yarda ba ya faɗi dalilinsa. A shekarar 2016 kaɗai an tara shawarwari fiye da 10,000 don tsara ayyukan gari, wasu ta waya, wasu a tarukan unguwa.

Abin bai tsaya a surutu ba. Daga baya aka ware yuro miliyan 30, aka raba wa gundumomin garin guda 10, aka ce jama'a su zaɓi ayyukan da za a yi da su. Mutane suka kawo buƙatu, injiniyoyin hukuma suka tantance wanda zai yiwu da nawa zai ci, sannan aka kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 2021. Sharaɗin ƙuri'ar shi ne ya fi taɓa ni: ka kai shekara 14, kuma sunanka yana cikin rajistar mazauna gari. Ba ruwansu da launin fasfonka. Ni da ba ni da ta cewa a zaɓen 'yan majalisar ƙasar Sifaniya, sai ga shi ana tambayata ko filin wasan yara nake so ko faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙasa.

A kicin ɗin gidan abincin da nake aiki muka yi namu zaɓen, lokacin hutun rana, ni da wani ɗan Senegal da wata 'yar Bolibiya, kowa da wayarsa, hannu na warin albasa. Kowane aiki an rubuta kuɗinsa a gefe. Kana taɓa ɗaya, kuɗin gundumarku yana raguwa a gaban idonka, kamar mai cefane da kuɗi ƙididdigaggu. Matar nan ta daɗe tana jinjina tsakanin gyaran harabar makarantar 'ya'yanta da dasa itatuwa a titinsu, don ta ga abin da ya rage ba zai ɗauki duka biyun ba. Ranar na gane nauyin da ke kanku, Kawu. Wanda aka nuna wa cikin asusu ba ya saurin zargin mai rabo.

Cikin ayyukan da suka yi nasara akwai na wasu 'yan mata, yawancinsu 'ya'yan baƙi daga Pakistan da Indiya, masu wasan kurket da ba su da filin kansu. Suka rubuta buƙatar a gyara musu wani tsohon fili a tsaunin Montjuïc, suka bi mutane suna neman ƙuri'a, kuma suka samu. Ba su san kowa a sama ba, ba su kai gaisuwa gidan kowa ba.

Bayan zaɓe, manhajar tana nuna inda kowane aiki ya kwana: wannan ana zane, wannan an fara, wannan an gama. Akwai waɗanda suka yi jinkiri, kuma mutane sun yi ta ƙorafi, amma ƙorafi ne mai hujja a hannu. Haka nan masu ƙuri'ar ba su kai 50,000 ba, a garin da a lokacin yake da mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Tsoho mai raunin ido da mai aikin dare ba sa samun shiga cikin sauƙi, shi ya sa aka ajiye masu taimaka wa jama'a a unguwanni. Waya ba ta maye gurbin zama ido da ido ba.

Kawu, shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Addininmu ya yi umarni da ita, kuma tun ina yaro nake ganin dattawa a zaurenku bayan sallar la'asar. Amma ku dubi waɗanda ke zama a tabarmar nan. Matan da ke biyan mai ruwa kullum safiya ba sa wurin, alhali maganar rijiya tasu ce kafin ta kowa. Samarin da ke yashe kwata da damina suna tsaye daga waje. 'Yan haya kuwa, ko sun shekara ashirin a unguwa, ana ganin ba su da baki. Zamana a ƙasar mutane ya koya mini ɗacin zama baƙo, ya kuma nuna mini yadda tambaya guda take sa mutum ya ji garin nasa ne.

Ba sai mun jira manhajar Turawa ba, ko da yake kyauta ce, har gwamnatin Brazil ta yi amfani da ita a 2023. A gida ma akwai Tracka, mai bin sawun ayyukan mazaɓu. Roƙona gare ku ƙarami ne. Kafin taro na gaba, a sa wani amintaccen yaro ya karɓi ra'ayin mutane ta saƙon murya a WhatsApp, malamar Islamiyya ta tattaro na matan da ba su da waya, a haɗa da na 'yan haya. A rubuta kuɗin kowane aiki da abin da ke asusu a manna a bangon masallaci. Wanda shawararsa ba ta shiga ba, a faɗa masa dalili. Na yi imani ko ba a yi abin da mutum yake so ba, zai ba da gudummawarsa da zuciya ɗaya. Ni ma tawa gudummawar tana tafe ƙarshen wata, in sha Allahu, ko rijiya aka zaɓa ko magudana.

A gaida Gwaggo da Liman da duk mutanen unguwa. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sa ku gama da jama'a lafiya.

Ɗanku,
Sanusi