Ina Gwadon Amarya?

Jama'ar Miri, yaushe rabonku da ganin gwado a kayan amarya? Da muna yara, tsofaffi mata ke kaɗi da mazari, su kai wa masaƙi zaren. Shi kuma ya zauna da ƙoshiya da allira, ya fitar da ƙwarya siririya, a ɗinke su su zama gwado. Mai son shuɗi ya kai marina a rina da baba, kamar yadda ake yi a Ƙofar Mata ta Kano har gobe.

Yau a rumfata bargon kanti kawai ake tambaya. Alhali a Maroko matan Barbar na duwatsun Atlas suna nan suna saƙa darduma da gashin tumaki, kowace ƙabila da zanenta, Turawa na saye da tsada. Su dai ba su raina nasu ba.

Annabi Dawuda (AS) da sana'ar hannunsa yake ci. Masaƙin da ba ya ciniki kuwa ba zai koya wa ɗansa ba. In aure ya taso, mu nemi masaƙi, ko gwado ɗaya ne. Allah ya sa mu dace.