Kiɗan da Ba Ya Shan Iska

Na daɗe ina buga fiyano a bukukuwan Bakori da Funtuwa, kuma a wannan sana'a na'urar Yamaha ce ke riƙe maka lokaci: ka danna maɓallin ganga, ita ta ja, kai ka bi. Da wannan sabon na tunkari wani guntun kiɗa na Johann Sebastian Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750, wato wanda ya buɗe littafinsa na 1722 da shi. Gaɓa 35 ne, kusan kowacce salo guda ne da ake maimaitawa sau biyu. Bach bai rubuta a yi sauri ko a sassauta ba, bai ce a ɗaga sauti ko a kwantar ba. Ni kuwa sai na ɗauka shirun nasa umarni ne. Na kunna maƙirgin lokaci, na jera sautukan daidai wa daida, har ina taƙama ban tsallake ko ɗaya ba.

Wani dattijo makaɗin kalangu, abokin mahaifina, shi na fara buga wa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai injin niƙa ne. A ina yake shan iska?" Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, kiɗan Turawa a rubuce yake, ba a taɓa shi." A zuci kuwa cewa nake me mai kalangu ya sani a nan. Wannan rainin ya fi kuskuren yatsun muni.

Ashe shi ke da gaskiya. Hafsikod, kakan fiyano da aka fi bugawa a zamanin Bach, ba guduma ke dukan wayoyinsa ba, ɗan tsinken gashin tsuntsu ne ke fizgar su. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, sautin kusan ɗaya ne. Don haka makaɗinsa da lokaci yake magana: ya ɗan riƙe sautin ƙasa na farkon gaɓa, ya yi jinkiri kaɗan gab da sauti mai ɗaci, ya bar tsagin shiru tsakanin jimla da jimla. Duk waɗannan na share su da sunan biyayya ga takarda.

Abin kunyar, ilimin nan a ƙofar gidanmu yake. Mawaƙi Mamman Shata ya taɓa zama a Bakori, kafin Funtuwa ta zama gidansa. Saurari faifansa ka ji: kalangai na riƙe da tafiya, shi kuwa ya ja kalma, ya shigo a makare da gangan, makaɗi ya matse tsirkiya a hammata ya tarbe shi. Tun ina yaro nake jin wannan, ban taɓa zaton ya shafi Bach ba.

Na kashe maƙirgin, na koma na ba Baba haƙuri, na sake buga masa. Ya ce farkon ya gyaru, amma har yanzu ina gaggawa a tsakiya, in je in rage.