Zuwa Argungu da Littafin Johnston a Jaka

Da hantsi muka bar tashar Birnin Kebbi, mu shida a ƙaramar mota, kowa ya matse ɗan'uwansa. Ƙarshen kaka ne, an yanke shinkafa a fadama, sai dami-dami a bakin hanya da mata suna sheƙa. A cinyata akwai tsohon littafin H. A. S. Johnston, The Fulani Empire of Sokoto, wanda aka buga a 1967, shekarar da marubucin ya rasu. Bangonsa ya sha ɗinki har sau biyu.

Baturen mulki ne ɗan Birtaniya. Ya yi aiki a Sakkwato da Kano, ya tuƙa jirgin yaƙi a Malta lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma ya ji Hausa sosai. Babi guda ya ware wa yaƙe-yaƙen Kabi, shi nake bi a hanya: yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, yadda Kabawa suka koma Argungu, da yadda Yakubu Nabame ya tayar da tutarsu a 1849. Na yaba masa da bai maishe su 'yan tawaye kurum ba. Duk da haka, idon wanda ya zauna a Sakkwato ne.

A Argungu, a gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, na daɗe gaban wasu tambura da fatarsu ta bushe ta yi baƙi, ga masu da takubba jingine. Ɗaliban firamare suka shigo a layi. Na tambayi wani yaro ko wane ne Kanta.

"Baba, ai shi ne mai gidan nan," in ji shi.

Malaminsu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, ba mu da littafin da zan miƙa musu. Abin da na ji wurin kakata nake ba su."

Maganar ta zauna mini a rai, domin Johnston ya yi wa yara rubutu. A 1966 ya fitar da Zomo the Rabbit da sunan aro, Hugh Sturton, tatsuniyoyinmu ne ya shirya wa yaran Turawa. A shekarar kuma ya buga A Selection of Hausa Stories. Zomo ya ƙetare teku, amma Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, da ganuwar birninsa Surame ba su isa jakar wannan yaro ba, ga shi a kan ƙasarsu yake tsaye.

Da la'asar na gangara kogin Matan Fada. Ruwa ya ja baya, ba kowa sai wani dattijo yana gyaran homa, gorarsa a gefe. Na ambaci Nabame. Ya ajiye zaren, ya gyara zama, ya fara daga mahaifin Nabame, Sama'ila Karari. Har aka kira magariba bai kai 1849 ba, motar ƙarshe kuwa ta tafi ta bar ni.