Ina Ci Gaban Labarin?

Na san da yawanku ci gaban labari kuke jira, to ku yi mini afuwa, yau wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai.

Ɗan yayana da ke karatu a Ingila ya zo hutu da wani littafi mai kauri a jakarsa, duk hotunan dodanni da mayaƙa. Na ce, "Ɗana, wannan kuma fa?" Ya ce, "Goggo, wasa ne, sunansa Dungeons & Dragons." Wai mutum huɗu ko biyar za su zagaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. In jarumi zai kai sara ko ya haura katanga, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, shi zai faɗi ko an dace. Na ce ashe tatsuniya ce da ake yi da taron dangi.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan a Amurka a 1974. Bugu na biyar ya fito a 2014 da manyan littattafai uku. Shirin Critical Role da aka fara nunawa a intanet a 2015, da fim mai dogon zango Stranger Things na 2016, suka jawo masa sababbin 'yan wasa ba adadi. Amma daga 2015 zuwa 2017, manyan littattafai uku kawai kamfanin Wizards of the Coast yake fitarwa a shekara. Daga baya sun ƙara hannu, har suka sabunta littattafan tushe a 2024 da 2025, duk da haka yaron nan ƙorafi yake yi. Wai jama'a sun yi yawa, tuwo ya yi kaɗan.

Dariya na yi, domin na san wannan kukan. Mu marubutan Kano littafi ɗaya mukan raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Lokacin da na ɗayan wani littafina ya karɓu, wani mai shagon littattafai ya hana ni sakat. Kullum aike: "Hajiya, 'yan mata sun dame ni, in kika bari kasuwa ta huce shi ke nan." Na biye masa, na rubuta na ukun cikin mako biyu, da dare, a gaban fitilar ƙwai. Sai da aka buga wata ɗaliba ta aiko mini da wasiƙa, tana tambaya ta yaya kishiyar da na binne a littafi na biyu ta dawo tana rabon goro a wajen biki. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Kuɗin ya shigo, amma littafin da na fitar bayansa ya daɗe yana shan ƙura a shaguna.

Da na ba shi labarin sai ya ce ai su ma an taɓa yi. Kamfanin farko mai wasan, TSR, ya yi ta zubo littattafai da sababbin duniyoyi, Dark Sun a 1991, Planescape a 1994, Birthright a 1995, masu saye suka rarrabu, kaya suka yi kwantai, bashi ya taru, har Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. Na ce, "To ka gani? Sauri ya haifi nawa."

Amma bai bar ni haka ba. Ya ce, "Goggo, wanda ya jira ya gaji ai wani shagon yake komawa." Wannan ma gaskiya ce, na sha ganin masu karatuna sun koma wajen wata marubuciyar saboda na yi jinkiri. Abin da na ce masa shi ne, halinsa da na mai karatuna ba ɗaya ba ne. Shi an ba shi ƙa'idoji da ɗan ludo, labarin kuwa shi da abokansa ke ƙirƙira, tun 2016 ma kamfanin ya buɗe kasuwar Dungeon Masters Guild inda 'yan wasa ke sayar da nasu rubutun. Mai karatuna kuwa in na yi shiru, jarumarta tana nan tsaye a ƙofar ɗakin da na bar ta. Saboda haka nauyin da ke kaina ya fi na kamfanin nasu.

Babi na gaba yana nan a rubuce, sai dai na hango wani ɗan kuskure a lissafin shekarun yaran gidan, kuma ba zan sake shi ba sai na gyara. Ku ƙara mini mako guda.

Taku har kullum.