Jirgin ƙasan da muka rataye a silin falonmu

Waɗanda suka zo mana barka watan jiya sun ga ɗan jirgin ƙasa yana kewaya saman falonmu, wasu suka ce mu ba da labarinsa a nan. To ga shi, har da gangancin da ya kusa jawo mana da-na-sani.

Kowa ya san Suleja ba ta da tashar jirgi. Mai son hawa sai ya bi ta Madalla da Zuba ya sauka Kubwa. Tun watan Yulin 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, amma ba mu taɓa hawa da yara ba sai bara, da za mu biki. Babban yaronmu, ɗan shekara 11, yana manne da taga tun daga Kubwa har Rigasa. Tambayarsa ɗaya: jirgi ba shi da sitiyari, me ya hana shi kauce hanya? Ba mu da amsa. Da muka sauka ya tsaya ya ƙura wa ƙafafun tarago ido, sai ya ce, "Baba, ga shi nan, kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta a kan dogo."

Muna dawowa ya fara tara gwangwanayen kifi da murafen kwalba. Ya ciro ɗan inji daga matacciyar DVD ɗinmu, ya haɗa da batir, ya yi dogo da tsofaffin ƙarafunan labule. Abin ya yi tafiya kuwa. Sai dai ciki da falo muke haya, mu bakwai. Ya shimfiɗa da yamma, a kwashe da dare don a yi shimfiɗa. Rannan ƙanwarsa ta taka tarago, gwangwani ya yanke ta a ƙafa. Ranmu ya ɓaci, muka ce wasan banza ne, a kwashe. Bai yi kuka ba. Ya zuba a buhu ya tura ƙarƙashin gado, ya yi mako biyu ba ya wata doguwar magana da kowa.

Ana cikin haka kakansa ya zo daga Minna. Shi ya tashi yana jin kukan jirgi a tsohon layin da Turawa suka shimfiɗa daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911. Ya sa aka zazzage buhun a gabansa, ya jujjuya taragon, sannan ya dube mu. "Kun manta motar kara da ta langa-langa da kuka yi ta ƙerawa? Da wuƙar wa kuka yi? Ƙasa ce ta yi muku kaɗan. Sama fa, wa ke kwana a can?" Kunya ta rufe mu, don gaskiya ya faɗa.

A nan muka yi gangancin. Muka samo falankai marasa kauri, muka murɗa ƙugiyoyi a jikin allon silin, muka rataye da waya. Kwana uku yana yawo lafiya. Daren na huɗu ƙugiya ɗaya ta zare, falanki ya rikito, ya faɗi bai fi taƙi biyu daga inda autarmu take barci ba. Allah ne kawai Ya kiyaye. Mahaifiyarsu ta ce ko dai a yi shi yadda ya kamata, ko a bar shi har abada.

Sai muka fara da abin da ya kamata mu fara da shi tun farko: muka nemi izinin mai gida, muka yi alkawarin toshe duk ramin da muka yi ranar da za mu tashi. Sannan muka kira kafinta. Shi ya nuna mana cewa allon silin ba ya ɗaukar nauyi, ado ne kawai. Katakon da ke bayansa ake nema, kuma layin ƙusoshin da ke jikin silin shi ke nuna inda yake. Ya leƙa ciki ya duba inda wayoyin lantarki suka bi kafin ya huda ko'ina. Ya mayar da hanyar jirgin jikin bango, ya tallafe ta da ƙarfe daga ƙasa, ratayar silin ta zama ƙari kawai, da sarƙa maimakon waya. Ya ɗaga ta sama da ƙofa, nesa da fanka, ya kafa ɗan shinge a gefe don ko jirgi ya goce ba zai faɗo ba. Wajen daidaitawa, siririn tiyo mai ruwa ya yi amfani da shi, irin na magina, don in gefe ɗaya ya fi tudu injin ba zai iya hawa ba. Kwanoni kuwa yaron ne ya gyara da kansa, ya faɗaɗa su bayan tarago ya yi ta gocewa. Da sandar mofa yake kunnawa da kashewa, kuma duk Asabar sai ya goge dogon, saboda ƙurar hunturu tana tsayar da ƙafafun.

Ba mu ce zai zama injiniya ba, wannan sanin Allah ne. Amma mun ga yaron da lissafi ke ba wahala yana awo da tef yana raba tsawon bango gida huɗu ba wanda ya sa shi. A garin nan Ladi Kwali ta yi aikin tukwanenta har hotonta ya hau takardar naira 20, kuma da yumɓu ta fara.

'Yan uwa, a leƙa ƙarƙashin gadajen yara. Wataƙila akwai buhu irin namu. In za a rataya wani abu, a nemi izinin mai gida, a kira kafinta, kada a bar kowa ya kwana a ƙarƙashi sai an gwada ƙarfinsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu.