Yau wata bakwai ban sha giya ba. Ga yadda na samu mutanen da suka riƙe ni

1/
Na buɗe wannan shafin ne ba da sunana ba, saboda kun san halinmu. Ina aji uku a jami'a, ɗan gidan mutunci ne ni, ina salla, kuma na yi shekara biyu ina shan giya a ɓoye. Ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagi.

2/
A aji ɗaya na fara, a ɗakin wani aboki a wajen makaranta. 'Yar leda ce, wadda kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Da farko sai daren Asabar. Kafin shekara ta zagayo, sai na kurɓa nake iya shiga lacca. Cingam da turare ba sa rabuwa da aljihuna.

3/
Azumin bara na ce shi ke nan, na tuba. A rana ta biyu hannuna ya kama rawa, kofin kunu ma ya gagare ni. Gumi, amai, ba barci. Umma ta ce zazzaɓi ne. Yayana ya ja ni waje ya ce: "Kai, faɗa min gaskiya, me kake sha?"

4/
Na faɗa masa. Na jira mari. Sai kawai ya ce in ɗauko takalmina mu tafi asibiti. Likita ya ce wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke ta lokaci ɗaya yana iya faɗuwa yana jijjiga ko ya ruɗe, har a rasa rai. Don Allah ku riƙe wannan.

5/
Magani ya kwantar da jikin cikin kwanaki. Amma likitan ya ce sha'awar ba ta fita da allura, in nemi waɗanda suka bi hanyar kafin ni. A nan na fara jin sunan Alcoholics Anonymous, wato AA.

6/
Na bincika. Mashaya biyu ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da wani likita Bob Smith. Ba kuɗin rajista, ba cike takarda. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son ka daina sha. Sunan farko kawai ake faɗa.

7/
Matsalar ita ce a garinmu ban samu ko zama ɗaya ba. Wa zai kafa allo a Arewa ya rubuta "taron mashaya"? Sai na koma intanet. Akwai tarukan da ake yi ta Zoom kusan kowace awa, daga ƙasashe daban-daban.

8/
Ranar farko na shiga da dare, a bayan masallacin makaranta inda sabis ke da ƙarfi, kyamara a rufe. Mutum wajen 20. Kowa ya yi magana minti uku, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi.

9/
Wata dattijuwa ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalba a cikin buhun shinkafa. Ni a cikin takalmin ƙwallo nake ɓoye tawa. Wallahi kuka na kama yi. Ashe ba ni kaɗai ba ne maƙaryaci a duniya.

10/
Na yi ta tunanin ko abin ya saɓa wa addinina, tunda matakansu 12 suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi. Daga baya na gano Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 a kan irin tsarin. Yanzu duka biyun nake halarta.

11/
A can wani ya tuna min cewa ita kanta giyar a mataki-mataki aka haramta ta: Baƙara, Nisa'i, sannan Ma'ida. Kuma a Bukhari akwai sahabin da ake ta kamawa da sha, da wani ya la'ance shi Annabi (SAW) ya hana, ya shaida yana son Allah da Manzonsa.

12/
Kar in yi muku ƙarya, na koma sau ɗaya. Kwana 41, sakamako ya fito, na faɗi kwas biyu, na sha. Kunya ta hana ni shiga taro har kwana huɗu. Wanda ke bibiyata a cikinsu ya turo saƙo cewa kujerata na nan. Na dawo na fara ƙirga daga ɗaya.

13/
Abin da suka koya min: ba na alƙawarin shekara. Yau kaɗai nake riƙewa. In sha'awar ta taso, kafin in taɓa kuɗi sai na kira mutum. Na canza hanyar da nake bi zuwa ɗaki. Katin cire kuɗina ma yana hannun Yaya.

14/
Idan kai ne, ko ke ce: fara da likita, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna suna duba masu shaye-shaye. Sannan nemi taro. Shiga ko da ba za ka ce uffan ba. In na farko bai yi maka ba, gwada wani.

15/
Idan kuma ƙaninka ne, ka yi irin na Yayana. Har yau Umma ba ta sani ba, kuma ina son in gaya mata da bakina kafin Sallah. Wannan ne ke ba ni tsoro fiye da komai. Ku sa ni a addu'a. Akwatin saƙona a buɗe yake.