Fitilar rufin taksi

A Yamai, direban taksi mai aikin dare tsakanin Wadata da Yantala ya fi kowa sanin darajar fitilar rufin mota, don da ita yake ƙirga canji. In ta mutu, sau da yawa ƙwan lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu ce ke toshe makunnin jikin ƙofa, wutar batir mai volt 12 ta rasa hanyar komawa ta ƙarfen motar.

Ina ganin girman mai gyaran da ke fara duba fis, ya goge makunnin a natse, kafin ya yanke waya. Mai cusa zaren waya a gurbin fis kuwa, gobara yake ajiye wa fasinja. Direba, kada ka yarda a yi maka haka.